Yaron da ba ya bari a gama magana

Wata uwa ta shigo kantin maganinmu a Mpape tana neman "maganin natsuwa". Ɗanta mai shekara 8 yana katse malami, in an aike shi abu uku ya dawo da ɗaya. Ya sha bulala.

Na ce, "Hajiya, a fara duba kunnensa, sannan likita ya tantance ko larurar ADHD ce."

Methylphenidate, in likita ya rubuta, yana ƙara natsuwa, amma ba ya koyar da zance. Wannan aikin ƙwararru masu gyaran magana ne: su koya wa yaro sauraro kafin amsa, da jera labari daki-daki. A gida, ki kira sunansa, ki ba shi aike ɗaya, ya maimaita.

Maganin barcin da ta roƙa dai ban ba ta ba.