Jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a ɗakin haya: yadda ake haɗa ta da neman abinci

Duk wanda ya daɗe a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ya san magidanci ɗaya ko biyu da aka wayi gari aka ce ɓarin jikinsu ya shanye. Jiya mutum yana kara yana ciniki, yau hannu da ƙafa sun ƙi motsi, baki ya karkace. A yi sati ɗaya ko biyu a asibiti, sai a sallame shi a ce a je gida a ci gaba da kula. Gidan kuwa mu nan kudu mun san irinsa: ɗaki ɗaya ko ciki da falo a gidan haya, bayi na tarayya, ruwa sai an saya wurin 'yan ga-ruwa, kuma kowa a gidan yana da abin da yake fita nema. Mahaifina fataucin shanu yake yi, yana ɗauko su daga Maigatari da Potiskum yana saukewa a Oko-Oba, kuma yau wata 14 ke nan muna jinyarsa a gida. Ni ba likita ba ne, a sakandare na tsaya. Abin da zan faɗa shi ne abin da likitoci da nas-nas suka koya mana, da abin da zaman ɗakin ya nuna mana.

Da farko dai ciwon ba a hannu ko ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe, sai wani sashe ya rasa jini ya daina aiki. Hawan jinin da ba a kula da shi ba ne babban mai jawo shi, sai ciwon suga. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane nan ne cibiyar magana take. Shi ya sa wanda damansa ya shanye, kamar Baba, sau da yawa har maganar ke tafiya. Amma rashin magana ba rashin hankali ba ne. Da yawansu suna gane abin da ake cewa, don haka 'yan dubiya su daina tsayawa a kansa suna cewa "wannan kam sai dai addu'a" kamar ba ya wurin.

Tambayar da za a fara yi muku ita ce yaushe za a kai shi gida. Baffanninmu tun yana gadon asibiti suke bugo waya. Ra'ayina shi ne kada a yi gaggawa. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, yini da kwana a mota, ga mutumin da ba ya iya gyara zamansa ko riƙe fitsari. Sannan likitoci sun ce mafi yawan sauƙin da ake samu a wata 3 zuwa 6 na farko ake samunsa, kuma da gashi da motsa jiki ake samunsa. In ƙauyenku babu likitan gashi, wato fisiyo, a kusa, kun ɗauke shi daga inda magani yake a daidai lokacin da ya fi buƙata. In kuwa can akwai hannaye da yawa da asibiti kusa, ba laifi, amma likita ne zai ce jikin ya isa tafiya, ba taron dangi ba.

Abin da ya fi cin masu wannan jinya a gida shi ne gyambon kwanciya. Mai lafiya ko barci yake yana juyi bai sani ba. Shi wannan inda ka ajiye shi nan zai kwana, ƙashi ya danne fata, jini ya daina ratsawa, wurin ya mutu tun daga ciki. Wuraren da yake fara kamawa su ne ƙasan baya wajen mazaunai, gefen kwatangwalo, diddige da kafaɗa. Dokar ita ce a juya shi duk bayan awa 2: dama, rigingine, hagu, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sangali yadda diddigen zai rataya bai taɓa katifa ba. Kullum in ana goge masa jiki a duba wuraren nan da haske. A fatarmu baƙa ba lallai ka ga ja ba, sai dai ka ga wurin ya yi duhu ko sheƙi, ko ya fi kewayensa zafi ko tauri. In ka ga haka kada a sake kwantar da shi a kan wurin, kada kuma a murza. In fata ta riga ta buɗe, aikin nas ne. Banda barbaɗa garin kafso ko toka, wallahi ƙara rami suke yi. Ga kuma zafin Legas da gumi: ledar da ake shimfiɗawa don fitsari dole a ɗora mata zanin auduga, a ja shi ya miƙe babu tattara, in ya jiƙe a canza nan take ko da ƙarfe 3 na dare ne.

Na biyu shi ne ƙwarewa. Ciwon yakan taɓa haɗiya, abinci ko ruwa ya bi hanyar iska ya sauka huhu, bayan kwana kaɗan sai zazzaɓi da ciwon huhu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ruwa zalla ya fi kunu mai kauri haɗari, domin yana gudu kafin maƙogwaro ya shirya. Ba a ba shi komai a kwance. A tayar da shi zaune sosai, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba, a duba kuncin ɓarin da ya shanye don abinci na maƙalewa a nan. Ya gama, ya zauna rabin awa kafin a kwantar. In yana tari duk lokacin ci, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkurar baki, a tsaya a gaya wa likita. In an ce sai an sa robar hanci, ba alamar mutuwa ba ce, da yawa ana cirewa daga baya.

Wannan ya shafi rubutu da ruwan tofi ma. Mu ma muna yin addu'a, malamai suna zuwa, babu mai hana wannan. Amma ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya kofin rubutu a kwance cutarwa ce, a shafa masa ya wadatar. Haka masu cewa iska ce ta buge shi a ajiye maganin asibiti. Maganin hawan jini ba a dainawa don awo ya yi kyau, ai maganin ne ya sa ya yi kyau, kuma wanda ciwon ya taɓa sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu. Ku sayi na'urar awon jini irin ta dantse, ku riƙa rubuta awon safe da yamma a littafi kuna tafiya da shi ranar ganin likita. Gishiri a rage sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen magi da kanwa da yajin tsire duk suna cikin lissafi. Umma tana ɗibar miyarsa gefe kafin ta zuba na sauran gida, ba sai an ɗora tukunya biyu ba.

Sai maganar wanka da bayan gida, wadda ba a son faɗa. Akwai kunya tsakanin ɗa da uba, ballantana ɗan fari, kuma saboda kunyar nan sai a bar wa matar gida komai. Mace mai shekara 50 ba za ta iya ɗaga namiji ita kaɗai sau goma a rana ba, bayanta zai tafi, ku koma jinyar mutum biyu. Mu mun raba: tsarki da sauya famfas Umma, ɗagawa da juyawa da wanka ni da Yaya. Ana rufa masa zani a buɗe inda ake wankewa kawai, a fitar da yara, kuma kafin ka taɓa shi ka faɗa masa: "Baba, za mu juya ku." Wajen ɗagawa kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar ba ta da abin riƙewa, gocewa take yi ta bar masa ciwo na watanni. A sa zani ƙarƙashinsa mutum biyu su kama. Ruwan gashi kuma ka gwada da hannunka tukuna, domin ɓarin ba ya jin zafi yadda ya kamata, zai ƙone bai ce uffan ba.

To yaya ake haɗa wannan da kasuwa? Sai da tsari a rubuce. Mu lokutan salla muka bi, don babu mai mantawa da su. Yaya ne ke fita kara da asuba saboda shi mahauta suka fi sani, ni ina gida har azahar: goge jiki, kunu, magani, motsa gaɓɓai. Ya dawo na fita nawa neman. Dare muna yin kwana bibbiyu, wanda ke da duti ya sa ƙararrawa a waya. Ƙanwata in ta taso makaranta ita ke wanki, kuma wankin nan ba wasa ba ne, ruwan da muke saye ya kusa ninkawa, sai da muka yi ciniki da ɗan ga-ruwa ɗaya muna biyansa sati-sati. Akwai takarda manne a bango, wanda ya ba da magani ya sa alama, don kada a ba shi sau biyu ko kowa ya zaci ɗan'uwansa ya bayar. Ranar Juma'a bayan masallaci matar kawunmu takan zo ta karɓi Umma, ita kuma ta je ta yi barci a wani ɗakin. Masu cewa "in akwai abin da za a yi a faɗa", ku faɗa musu: awa 3 ranar kaza, ko katan ɗin famfas, ko mota ranar asibiti. Lemo da ayaba sun yi yawa.

Akwai abin da ya shafe mu 'yan kasuwa musamman. Harkar shanu a kan bashi take tafiya, mahauci ya ɗauki sa yau ya biya bayan ya sayar, kuma iyayenmu lissafin a ka suke riƙe shi. Ranar da maganar Baba ta ɗauke, da ita lissafin ya tafi. Wasu sun kawo da kansu, Allah ya saka musu. Wasu har yau in mun haɗu sai gaisuwa. Abin da ya taimaka shi ne mun zauna da wuri da abokan cinikinsa biyu da yaron da ke bin mota da shanun, aka rubuta wanda ake bi da wanda ke bin mu, aka riƙa karanta wa Baba suna ɗaya-ɗaya yana gyaɗa kai ko girgizawa, a gaban shaidu. Wanda ya yi gardama aka kai maganar wurin shugabannin kara. Kai da mahaifinka ke da lafiya yau, ka lallaɓa shi a fara rubutawa, a kuma san yadda za a yi da asusun banki, don banki ba ya sakin kuɗi saboda kawai ka ce kai ɗansa ne.

Sannan a raba kuɗin jinya da jari. In ana zarar na magani daga uwar kuɗi ba lissafi, wata 6 ya isa a wayi gari babu na lodin mota ɗaya, alhali jinyar ta shekaru ce. Mu muna ware wani abu daga ribar kowane lodi, gudummawar dangi ma can take shiga, Yaya ke riƙewa ni ke rubutawa. Mazauna Legas su tambayi tsarin inshorar lafiya na jiha, Ilera Eko, su ji abin da ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba kafin su biya.

Gashi kuwa ba sai kullum an je asibiti ba, kuɗin mota da go-sulo ba za su bari ba. Ku roƙi fisiyo ya koya wa mutum biyu a gida, ku ɗauka a waya, ku riƙa yi safe da yamma, kuna komawa yana dubawa. Kuma ku daina yi masa abin da zai iya. Tausayi ne ke sa a riƙa ba shi a baki har abada. Baba da hagu yake ci yanzu, yana zubarwa, malami ya ce lalura ce babu komai. Salla yana yi a zaune, ranar da jiki ya ƙi a kwance, muna yi masa alwala ko taimama. Wani lokaci sai ka ga hawaye ba dalili, ko fushi, ko ya ƙi abinci. Ciwon kansa na kawo haka, ga baƙin cikin mutumin da ya saba riƙe gida. In abin ya daɗe a gaya wa likita, yana da magani. Mu abin da ya fi ɗaga shi shi ne fito da shi ƙofar gida a kujera bayan la'asar, abokansa su zauna suna faɗa masa farashin bijimai yana musu da hannu.

Abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu: baki ya sake karkacewa, wani hannun ya saki, maganar da ta fara dawowa ta ɗauke, farfaɗiya, barcin da ba ya tasuwa, zazzaɓi da numfashi sama-sama, ko fitsari ya tsaya. In alamar sabon bugu ce kada a ba shi asfirin ko wani abu a baki, don sai an yi hoton ƙwaƙwalwa ake sanin toshewa ce ko fashewa, kuma asfirin ƙara zubar jini yake yi in fashewa ce. A kwantar da shi ta gefe, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. A nufi babban asibiti mai na'urar hoton, irin LASUTH a Ikeja ko LUTH a Idi-Araba, 'yan Ibadan kuma UCH, ba kemis ba. A Legas lambar gaggawa 112 ce ko 767, amma duk da haka ku yi magana tun yau da maƙwabci mai mota wanda zai ɗaga waya da tsakar dare, ku rubuta lambarsa a takardar nan ta bango, katin asibiti da magunguna kuma su zauna a jaka ɗaya kusa da ƙofa.