Tsohon Mashin a Tambuwal da Kebbe: Lissafin Naira da Lissafin Milimita

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tambuwal mutum 224,931 a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,717. Maƙwabciyarta Kebbe, can ƙuryar kudancin Jihar Sakkwato, ta samu mutum 124,658 a murabba'in kilomita 2,618. Idan aka raba, kowane murabba'in kilomita na Tambuwal yana ɗauke da mutum kusan 131, na Kebbe kuwa 48 kawai. Wato Kebbe ta kai Tambuwal ɗaya da rabi a faɗin ƙasa, amma jama'arta da kaɗan ta wuce rabin ta Tambuwal. Jama'a sun ƙaru sosai tun wancan lokaci, ƙasa dai tana nan yadda take, nisa bai ragu ba.

Garin Tambuwal yana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Aliero da Jega, don haka mota ba ta yi masa wuya. Amma da zarar mutum ya saki kwalta ya nufi ƙauyukan da ke bayan Jabo da Sanyinna, ko ya kutsa ƙasar Kebbe wajen Kuchi da Ungushi, to magana ta koma hannun mashin. Shi ke ɗaukar buhun gero ranar kasuwa, shi ke kai malami makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Inda mutane suke a warwatse, motar haya ba ta cika da wuri, direba kuma ba ya tashi da kujeru babu kowa. Ɗan kabu-kabu kuwa fasinja ɗaya ya ishe shi. Ko a Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka saboda matsalar 'yan bindiga, mutanen ƙauye ne suka fi jin abin a jika, don ba su da wani abin hawa da za su koma.

To nawa wannan abin hawa yake ci? A 2011 kamfanin Honda, wanda ya kafa reshensa na haɗa babura a Najeriya tun 1979 a Ota ta Jihar Ogun, ya fito da Ace CB125 a kan kusan naira 100,000. A shekarar mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, litar fetur naira 65, dala kuma tana wajen naira 155. Ƙaramin ma'aikaci da zai iya ajiye albashinsa duka, cikin wata biyar da rabi da 'yan kwanaki zai hau sabon mashin. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, amma dala ta haura naira 1,500, sabon Bajaj Boxer kuma ya tsallake naira miliyan ɗaya. Lissafin ya koma sama da wata 14. Albashi ya ninka kusan sau huɗu, mashin ya ninka sau goma.

Fetur ya fi haka muni. Albashin 2011 yana sayen lita 277. Bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a Yuli, sannan ta wuce 1,000 a Oktoban 2024. A wannan farashi, albashin naira 70,000 lita 70 yake saye. Manomi da ɗan kabu-kabu ba su da albashi, gaskiya ne, amma ma'aunin yana nuna inda iska ta kaɗa. Wanda a da yake sayar da mashin bayan shekara biyu ko uku ya cika kuɗi ya ɗauko sabo, yanzu dole ya riƙe wanda yake hannunsa. Tsufan mashin ya daina zama abin kunya, ya zama dukiyar da ake lallaɓawa.

A nan ne lissafi yake barin naira ya koma milimita, kuma a nan nake so mu daɗe.

Lambar da ake kiran mashin da ita, 100 ko 125, girman cikin bulok ce, wato yawan iskar da fistan yake turawa daga ƙasa zuwa sama. Honda CG125 yana da faɗin rami milimita 56.5, fistan kuma yana tafiyar milimita 49.5, abin da ya ba da si-si 124. Tsohon samfurin Boxer yana da 53 da 45, si-si 99 ke nan. Jincheng AX100, wanda 'yan kabu-kabu suka yi yayinsa kafin Boxer ta ture shi, kwafin Suzuki ne mai 50 da 50, si-si 98. Mu ɗauki Boxer ɗin yana gudu inji na juyawa sau 5,000 a minti. A awa ɗaya ya juya sau 300,000. Kowane juyi fistan ya hau ya sauka, milimita 90. Idan aka tara, a cikin awa guda fistan ya goga jikinsa da bangon bulok na tsawon kilomita 27. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a duk wannan tafiya ɗan siririn baƙin mai ne.

Sararin da ke tsakanin fistan da bango a sabon inji irin wannan bai wuce milimita 0.01 zuwa 0.04 ba. Idan ya kai 0.10, masu ƙera shi sun ce ya ƙare aiki. Gashin kan mutum guda ɗaya yana kaiwa 0.07, saboda haka tazarar da ke tsakanin lafiyayyen inji da mai hayaƙi kusan kaurin gashi ɗaya ce.

Me ke cinye wannan ɗan ƙarfe? Ƙura, kafin komai. Kowace litar fetur tana buƙatar iska kusan lita 9,000 kafin ta ƙone daidai. Mu ƙaddara ɗan kabu-kabu yana yin kilomita 100 a yini, mashin ɗinsa kuma yana yin kilomita 45 da lita ɗaya. Cikin kwana goma ya yi kilomita 1,000, ya ƙona lita 22, injinsa ya shaƙi iska lita dubu 200. A hunturu, kan hanyar burji, bayan motar da ta tayar da jan ƙasa, kowa ya san abin da ke cikin iskar nan. Mai tsaron ƙofa ɗaya ne, ɗan soson da ke cikin akwatin iska. Sau da yawa za ka ga an buɗe akwatin, soson ya bushe ya rududduge, ko kuma an cire shi gaba ɗaya wai don mashin ya ƙara ja. Ƙurar ta shiga, ta cuɗanya da baƙin mai, ta koma abin wasa wuƙa. Lita 22 ɗin nan a naira 1,000 kuɗinta 22,000 ne. Baƙin man da injin yake ɗauka lita ɗaya ne ko ƙasa da haka, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar wannan ba. Duk da haka shi aka fi yi wa jinkiri.

Wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai, kuma shi ya haifi CG125 ɗin ma. A 1974 injiniyoyin Honda suka zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, suka tarar ana lafta wa babur kaya fiye da kima, ana barin baƙin mai har ya zama taɓo, ana barin matatar iska ta toshe. Suka koma Japan suka zana injin da zai jure sakaci, mai sassa kaɗan, da soso wanda ake wankewa a mayar. Ya fito a 1975, kuma har yau ana ƙera shi a Pakistan. A daidai shekarun ne kuɗin ƙarin albashin Udoji ya zubo hannun ma'aikatan Najeriya, malaman makaranta da akawuna suka cika tituna da Vespa da Honda Benly da Yamaha da Suzuki. Wasu daga cikin waɗannan suna jingine a zaurukan gidaje, taya a sace, ba don ƙarfensu ya mutu ba, sai don an rasa wani ƙaramin abu da aka daina sayarwa.

Masu ƙera injunan nan sun tanadi hanyar gyara tun farko. Idan bulok ya cinye, ana faɗaɗa raminsa a sa fistan mai ɗan girma, mataki-mataki: milimita 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. Da girmansa na asali, bulok ɗaya yana da rai biyar ke nan, kuma bayan haka ana iya zura masa sabuwar rigar ƙarfe a koma farko. Masu cewa faɗaɗa rami yana mai da mashin doki, alƙaluma ba su goyi bayansu ba. CG125 da aka kai matakin ƙarshe daga si-si 124 ya koma 128 da rabi, ƙarin bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba. Ƙarfin da mai mashin yake ji bayan gyara nasa ne na da da ya dawo.

Sai dai wannan aiki ba na sifana da guduma ba ne. Ka tsaya gindin bishiyar da bakanike yake aiki ka gani. Ya sauke inji a kan buhu, yaro ya wanke sassa da fetur a gwangwani. Ya ɗauki fistan ya zura a bulok, ya girgiza da yatsa, ya ɗaga wa rana ya leƙa ko haske yana ratsawa. Ya ce wa mai mashin, "Malam, wannan ringi kaɗai ba zai riƙe ba." Yawanci gaskiyarsa ce, don hannun da ya shekara ashirin yana wannan aiki ba ya rasa ji. Amma yatsa ba ya bambance 0.04 da 0.08. Haka wajen saita bawul: injin roba-roba irin na Honda Cub yana son 0.05, CG125 yana son 0.08, mai saitawa da reza kuwa yana ba su wajen 0.10, wanda ga roba-roba ninki biyu ne. Ba laifin bakanike ba ne. Ba a taɓa sa masa ma'auni a hannu ba, maigidansa ma haka ya koya.

Saboda haka bakaniken ƙauye yana da zaɓi biyu. Ko ya aika da bulok babban gari inda injin faɗaɗawa yake, mai mashin ya biya kuɗin mota ya rasa aikin kwana ɗaya ko biyu, ko kuma a sayo sabon bulok da fistan na kwali a ɗaura. Na biyun ya fi sauri, shi ya sa ya yi yawa. Amma kuɗinsa da dala ake lissafawa, ingancinsa kuma sai an ɗaura ake sani, sannan an jefar da ƙarfe mai sauran rai huɗu a hannun 'yan gwangwan. Ga tsohuwar Vespa ko Benly ma babu na kwalin.

A Ingila akwai mutanen da sassaƙar ƙarfe ita ce abin sha'awarsu bayan sun tashi daga aiki. Mujallarsu, Model Engineer, ta fara fitowa tun 1898. A 1946 kamfanin Myford na Nottingham ya fito da ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, ML7, wanda yake zama a kan tebur a bayan gida. Da irinsa suke yi wa baburan kakanninsu ƙusa da zobe da sandar da aka daina ƙerawa. Abin da ya ja hankalina shi ne wutar da yake ci: injin lantarki mai rabin ƙarfin doki, wato wat 370, yana juya shi. Falle uku ko huɗu na sola da batir mai kyau sun isa, a ƙasar da rana ba ta yi wa kowa rowa. Abin da yake nishaɗi a can, a Kebbe sana'a ce da ke jiran mai ita.

Kuma hannun da zai riƙe ta yana nan. Gidajen maƙera sun san ƙarfe tun kaka da kakanni, masu walda suna ƙera ƙofa da amalanke da injin casa. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano an ga abin da irin waɗannan hannaye suke yi idan suka samu inji. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana Sakkwato, jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi tana Aliero, kusa da Tambuwal. A ganina, masu rabon kayan tallafi ga matasa za su fi yin abin kirki idan a cikin kuɗin babura goma suka ware na biyu, suka sayi injin sassaƙa ɗaya da na faɗaɗa bulok ɗaya, suka tura yara biyu koyo na shekara. Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ƙungiyar bakanikai ta kowane gari za ta iya yi da kuɗin aljihunta: maikuromita mai auna 0.01, da jerin siraran ƙarafan saita bawul, a ajiye wurin shugaba, duk wanda ya sauke inji ya ara ya auna kafin ya faɗa wa mai mashin abin da zai saya.