Yadda ƙwayar birus kan sa garkuwar jiki ta far wa tiroyid

A Maraɗi, Damagaram ko Tawa, duk kumburin da aka gani a gaban wuya maƙoƙo ake ce masa, kuma akasari ana danganta shi da ƙarancin sinadarin iyod a abinci. Shi ya sa ake zuba iyod a gishiri. Sai dai akwai wasu cututtukan wannan wuri da gishiri ba ya maganinsu, don kuwa garkuwar jikin mutum ce da kanta ke kai farmakin. Masana sun jima suna lura cewa irin wannan matsala kan biyo bayan kamuwa da ƙwayar birus.

Tiroyid wani ɗan nama ne mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban maƙogwaro. Yana fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke daidaita bugun zuciya, zafin jiki, narkewar abinci da ƙarfin mutum.

Cututtuka biyu, fuska biyu

Ta farko ita ce cutar Hashimoto, sunan likitan Japan da ya bayyana ta a 1912. A nan garkuwar jiki kan yi ta cin tiroyid sannu a hankali har aikinta ya ragu. Mai ita yakan ji kasala, jin sanyi ko da ana zafi, ƙiba ba dalili, bushewar ciki da zubar gashi. Ga mata, al'ada kan rikice.

Ta biyu ita ce wadda lokotorori a Nijar ke kira Basedow, a ƙasashen da ke amfani da Ingilishi kuwa Graves. A nan garkuwar tunzura tiroyid take yi ta yi aiki fiye da ƙima. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi ya yi yawa, barci ya ƙaurace, mutum na ci yana ramewa, wani lokaci idanu su firfito. Duka biyun sun fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma sukan bi dangi.

Ina birus ya shigo?

Masana na bayar da hanyoyi uku. Wani lokaci wani ɓangaren birus kan yi kama da wani ɓangaren tiroyid, sai sojojin jiki su kasa bambancewa, su ci gaba da yaƙi bayan abokin gaba ya tafi. Wani lokaci birus kan raunata tiroyid, abin da ke ɓoye cikinta ya fito fili, garkuwa ta ɗauke shi baƙo. Na uku shi ne sinadarin intaferon da jiki ke fitarwa don yaƙar birus, wanda yawansa kan zaburar da garkuwa ta wuce gona da iri.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga ciwon hanta nau'in C. Masu shi sun fi sauran jama'a samun matsalar tiroyid, kuma a shekarun da ake yi musu allurar intaferon, wasunsu sun kamu da Hashimoto ko Basedow. Haka ma wasu masu ɗauke da ƙwayar sida: bayan sun fara shan magani garkuwarsu ta farfaɗo, Basedow kan bayyana, galibi bayan shekara guda zuwa uku. Wannan ba dalilin barin magani ba ne, ana jinyar biyun tare.

Annobar korona ta ƙara fito da batun. A 2020 likitoci a Italiya suka ba da rahoton kumburin tiroyid bayan kamuwa da cutar, daga baya aka samu rahotannin Basedow a wasu ƙasashe. An kuma gano cewa ƙofar da wannan birus ke bi ya shiga ƙwayoyin jiki, mai suna ACE2, tana da yawa a tiroyid.

Duk da haka, birus shi kaɗai ba ya isa. Kusan kowa na yin mura, kaɗan ne ke kamuwa. Sai an samu gado a jini, sannan wani abu ya tayar da shi: birus, haihuwa, shan taba, ko yawan iyod fiye da buƙata.

Kumburi mai wucewa

Akwai kuma wanda ake kira De Quervain, da kan zo makonni kaɗan bayan mura ko hangum. Gaban wuya ya yi ciwo har zuwa kunne da muƙamuƙi, ga zazzaɓi da bugun zuciya. Sau da yawa akan ɗauka ciwon maƙogwaro ne a yi ta shan antibiyotik a banza. Maganin rage kumburi yake buƙata, kuma ga mafi yawan mutane yakan warke cikin ƴan watanni.

Me ya kamata a yi?

Wanda ya tashi daga mura ko zazzaɓi, makonni suka wuce kasala, rama, faɗuwar gaba ko ciwon wuya ba su bar shi ba, ya je asibiti ya nemi awon jini na TSH. Idan sakamakon ya kauce, lokotoro kan ƙara awon T4 da na sojojin jikin da ke far wa tiroyid. Kada a tsaya ga zaton masassarar cizon sauro ko iska, kada kuma a sayi maganin iyod a tebur, don yana iya ƙara dagula lamarin.

Hashimoto na da magani, lebotiroksin, ƙwaya ɗaya kowace safiya kafin a karya, sau da yawa har tsawon rai. Basedow kuwa akan fara da karbimazol na wata 12 zuwa 18, idan bai yi ba a koma ga tiyata ko wata hanyar. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa ta fi kowa buƙatar awo da wuri, domin tiroyid da ba ta daidaita ba na iya jawo ɓari, ta kuma shafi girman ƙwaƙwalwar jariri.