Yadda Ake Auna Wutar Sola Ga Tirelar Zango A Dajin Ostareliya

A Hausa idan aka ce tirela, abin da ke faɗowa a rai shi ne babbar motar nan mai ɗaukar siminti ko shanu. A ƙasar Ostareliya kuwa akwai wata ƴar ƙaramar tirela mai ƙafa biyu, wadda ake ɗaurawa a bayan mota a shiga daji da ita. In an isa wurin kwana sai a buɗe ta, rumfar tamfol ta tashi, ga gado, ga wurin girki, ga tankin ruwa. Ana iya kiranta tirelar zango, domin masu ita suna yada zango ne kamar fataken da, yau nan gobe can. Da yawa daga cikinsu dattawa ne da suka ajiye aiki. Sukan bi babbar hanyar Stuart, wadda ta taso daga Port Augusta a kudu ta ratsa Alice Springs har Darwin a arewa, tafiyar sama da kilomita 2,700, sa'an nan su ratse su yi kwanaki a inda babu turken lantarki ko ɗaya.

A irin wannan wuri wutar da matafiyi ya zo da ita, ita ce kaɗai wutarsa. In ta ƙare firji ya tsaya, naman mako guda ya lalace, in akwai maganin da ke son sanyi shi ma ya tashi daga aiki, alhali kanti mafi kusa yana iya kai tafiyar wuni. Shi ya sa ake ɗora wa tirelar farantin sola, wato faifan nan mai mai da hasken rana lantarki. Tambayar ita ce: faranti mai girman yaya, da batir mai girman yaya?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen faranti. Magidanci mai hankali yakan fara ƙirga bakunan da zai ciyar, sa'an nan ya san yawan gonar da zai noma da girman rumbun da zai gina. Haka abin yake a nan. Kayan da ke cin wuta su ne bakuna, faranti shi ne gona, batir kuwa rumbu ne.

Ma'aunai

Kalmomi uku ne ke yawo a wannan magana. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana a waya. Wat kuwa shi ne abin da ake samu idan aka ninka bolt da amfiya, kuma shi ke nuna irin jan da na'ura take yi wa wuta a lokacin da take aiki. Amma wat kaɗai ba ya faɗin abin da aka ci. Sai an ninka shi da awoyin aiki, a sami wat-awa. Ƙwan fitila mai wat 3 da ya yi awa 4 a kunne ya ci wat-awa 12. Buta mai wat 2,000 da ta yi minti 3 ta ci wat-awa 100. Galibin tirelolin nan suna aiki da bolt 12, kamar mota, kuma ana rubuta girman batirinsu da amfiya-awa, wato Ah. In an raba wat-awa da 12 sai a sami amfiya-awa.

Abin da ake ci a wuni

A ƙaddara miji da mata ne za su yi zango kusa da Alice Springs. Babban mai ci a cikin kayansu shi ne firji, wanda a Nijar aka fi sani da firigo. Ƙaramin firjin tafiya yakan ja kamar wat 45 idan injinsa na juyawa. Injin ba ya juyawa dare da rana. Yana tashi yana tsayawa. In an ce yana aiki kashi ɗaya cikin uku na wuni, awa 8 ke nan, ya ci wat-awa 360. Wannan adadi shi ne ya fi kowane rashin tabbas. Ranar da zafi ya tsananta, ko ana yawan buɗe murfi, ko an cusa kwalaben ruwa masu ɗumi, injin yana iya yin rabin wuni yana juyawa, cin ya haura 500. Mai auna wuta ya fi kyau ya ɓata lokacinsa a kan firji fiye da kan dukan sauran kayan.

Sauran ba su da wuya. Fitilun LED huɗu masu wat 3, awa 4, sun ci 48. Injin tura ruwa mai wat 60, minti 15 a wuni, ya ci 15. Cajin wayar salula biyu, 30. Ƴar fanka mai wat 5 da ta kwana awa 8, 40. Kwamfutar cinya mai wat 60, awa 2, ta ci 120. Amma idan ta inbata ake cajinta, wato na'urar da ke mai da bolt 12 na batir ya koma bolt 230 irin na gida, sai a rubuta 140, domin inbata ma tana cin nata rabo. Jimla wat-awa 633. Ana ƙara kashi 20 cikin ɗari saboda abin da aka manta da abin da ke ɓacewa a hanya, a sami kusan 760. In an raba da 12, amfiya-awa 63 ke nan a kowane wuni. Duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan adadi ya tsaya.

Rana nawa ake samu

Lambar da ke rubuce a bayan faranti, misali wat 150, a ɗakin gwaji aka same ta, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana da sanyin digiri 25. Rana ba ta ba da irin wannan haske daga fitowarta zuwa faɗuwarta. Hasken hantsi da na la'asar masu rauni ne. Saboda haka ake tattara hasken wuni duka a ce daidai yake da awa kaza na cikakkiyar rana. A Alice Springs a watan Disamba, lokacin zafinsu, yakan wuce awa 7. A watan Yuni, lokacin sanyinsu, yakan sauko kusa da 4. A Melbourne, can kudu, a Yuni bai cika 2 ba. Ɗalibin da ya saba da ranar Nijar, inda adadin ya fi tsayawa tsakanin 5 da 7, zai iya mamakin wannan faɗuwa. Masu tirela kuwa sun fi fita tsakiyar ƙasar da arewacinta a watannin sanyi, don haka da awa 4 ya kamata su yi lissafi, ko da tallar mai faranti ta yi maganar 7.

Ko a cikin awa huɗun nan farantin ba ya ba da abin da aka rubuta masa. Zafi yana rage shi: kowane digiri ɗaya da ya hau bisa 25 yana cire kusan kashi 0.4 cikin ɗari, kuma farantin da ke kwance a kan rufi da tsakar rana yana iya kai digiri 65, asarar kusan kashi 16 ke nan. Jar ƙurar dajin tana rage nata, kamar yadda ƙurar hunturu ke yi. Waya da na'urar caji su ma suna ci. A taƙaice ana ɗaukar kashi uku cikin huɗu na lambar. To, 760 a raba da 4, a sake rabawa da 0.75, an sami wat 253. Sai a sayi faranti biyu masu wat 150, jimla 300, waɗanda za su ba da kusan wat-awa 900 a wuni. Da a kusa da Melbourne za a yi zangon a watan Yuni, ko an yi wa rana alfarma an ba ta awa 2, sai an nemi sama da wat 500 don waɗannan kaya dai.

Akwai kuma rigimar inuwa. Mutum yana son ya kafa zango ƙarƙashin itace, faranti kuwa yana son fili. Ƙananan gidajen da ke cikin faranti a jere suke kamar zoben sarƙa, inuwar reshe ɗaya a kan kaɗan daga ciki tana iya karya ƙarfin layin duka. Dabarar da aka saba ita ce a kafe faranti ɗaya a kan tirela, ɗayan ya zama mai naɗewa, a ja shi da doguwar waya zuwa rana. Da yake ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, arewa ake fuskantar da shi.

Rumbun wuta

Batir shi ke riƙe dare da ranakun gajimare. In ana son ya riƙe kwana biyu ba tare da caji ba, 63 sau biyu, amfiya-awa 126. Sai dai ba a kwashe batir har ƙasa. Batirin dalma, har da irin rufaffen nan da ake kira AGM, in ana yawan sauke shi ƙasa da rabi yakan mutu da wuri, don haka ana bukatar ninki biyu, kamar 250. Batura biyu ke nan manya, masu nauyin fiye da kilo 60 a haɗe. Batirin litiyom, irin mai sinadarin ƙarfe da fosfet, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa ba tare da illa ba, don haka mai 160 ya isa, nauyinsa kuma bai wuce kilo ashirin da ƴan kai ba. Ga tirelar da doka ta ƙayyade wa nauyi, wadda kuma za ta sha gargada, kilo arba'in ba ƙaramin abu ba ne: ruwan sha ne jarka biyu. Litiyom ya fi tsada wajen saye, kuma yana da nasa aibi. Ba a cajinsa idan sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 0, daren Yuni da Yuli a Alice Springs kuwa yakan kai haka. Masu kyau daga cikinsu suna da na'urar da ke hana caji har sai sun ɗumama.

Ga wani wuri da lissafi ke yawan yaudarar mutane. Faranti yana ba da 900, ana cin 760, rarar wuni 140 ce kacal. In an yi kwana biyu ba rana sam, an ci bashin 1,520, kuma da wannan rara sai an yi kusan kwana goma sha ɗaya kafin rumbu ya sake cika. Babban batir tare da ƙaramin faranti, rumbu ne babba a gefen ƴar gona. Mafita biyu ce: ko a ƙara faranti, ko a jawo wuta daga altanetar mota yayin tafiya ta hanyar caja ta musamman. Caja mai amfiya 25 tana biyan wancan bashi cikin tuƙin awa 5. Saboda haka mai tashi kullum yana iya wadatuwa da ƙaramin faranti, mai zaman mako biyu a wuri ɗaya kuwa ba zai iya ba.

Tsakanin faranti da batir

Ba a haɗa su kai tsaye. Ana sa na'urar daidaita caji a tsakani, don kada batir ya ƙone. Iri biyu ne. Mai araha, PWM, tana janyo bolt na faranti, wanda ke kusa da 18, ta saukar da shi daidai da na batir, amfiya kuwa ba ta ƙaru ba. Faranti mai wat 150 yana ba da amfiya 8.3; a ninka da bolt 13.5, wat 112 kawai ya shiga. Ɗayar, MPPT, tana mai da rarar bolt ta koma amfiya. Ga wat 300 ana bukatar mai ɗaukar amfiya 30.

Inbata kuma ana auna ta da na'ura mafi ja da za a kunna. Kwamfuta da caji ba su wuce ƙarfin mai wat 300 ba. Butar nan mai wat 2,000 cinta kaɗan ne, amma a mintoci ukun nan tana fizgar amfiya kusan 185 daga batir, abin da ke bukatar babbar inbata da waya mai kauri ƙwarai. Shi ya sa da yawa suke dafa shayi da gas. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,000 da ta yi awa 6 ta ci 6,000, kusan ninki takwas na dukan kayan da aka lissafa a sama.

Siririyar waya tana ɓatar da wuta. Asarar rabin bolt ba kome ba ce a gida mai 230, amma a bolt 12 kashi 4 ne cikin ɗari, kuma tana iya sa firji ya kashe kansa alhali batir na da sauran wuta. Fiyus kuma kusa da kan batir ake sa shi, domin gargada tana goge bawon waya, batir kuwa in wayoyinsa suka haɗu yana iya tada gobara.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙwararrun matafiya sukan kunna firji da fitilu a tsakar gida kwana biyu ko uku, su cire faranti, su ga abin da aka ci a zahiri. A batirin dalma ma'aunin bolt yana taimakawa: in ya huta ya nuna kusan 12.1, ya kai rabi. A litiyom ba ya taimakawa sosai, domin bolt ɗinsa yakan tsaya kusa da 13 tun yana kusa da cika har ya kusa ƙarewa, sa'an nan ya faɗi farat ɗaya. Don haka ake ɗaura masa ƴar na'urar da ke ƙirga kowace amfiya da ta shiga da wadda ta fita, a duba ta da asuba kafin rana ta taɓa faranti, lokacin da batir ya fi kowane lokaci sauka.