Kuskuren da ya durƙusar da kwamfutoci miliyan 8.5, da yadda ake farautar irinsa

A ranar 19 ga Yulin 2024, jirage sun kasa tashi a ƙasashe da dama, ayyukan bankuna da asibitoci suka tsaya. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 masu amfani da Windows ne lamarin ya shafa.

Binciken kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike, wanda manhajarsa ta jawo matsalar, ya nuna cewa manhajar ta nemi bayani na 21 a jerin da ke ɗauke da guda 20 kacal. Ta leƙa wurin da ba nata ba a ma'adanar kwamfuta, kuma da yake tana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, sai na'urar gaba ɗaya ta faɗi.

Mene ne wannan kuskure?

Kowace manhaja ana yanka mata fili a ma'adana, kamar yadda ake shata wa manomi iyakar gona. Idan ta taɓa wurin da ba a ba ta ba, tsarin Linux yakan kashe ta nan take, ya fitar da saƙon “Segmentation fault”.

Wanda ya ga wannan saƙo ma ya yi sa'a. Abin da ya fi muni shi ne manhaja ta yi rubutu kan wasu bayanan a cikin filinta. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, sai can gaba ta faɗi a wurin da bai da alaƙa da tushen ɓarnar.

Tarkon da ke cikin C++

Masu rubutu da harshen C++ na yawan amfani da wani mazubi mai suna vector, wanda ke faɗaɗa da kansa. Idan ya cika aka ƙara masa kaya, sai ya nemi wuri mafi girma, ya kwashe komai zuwa can, ya saki tsohon.

Duk manunin da aka ajiye kafin ƙaurar zai ci gaba da nuna tsohon gida, wanda wataƙila an riga an ba wani. Irin wannan matsalar kan taso idan aka goge abu daga mazubin ana tsaka da bin jerinsa, ko aka kwafi wani abu mai riƙe da manuni, kwafi biyun suka saki wuri ɗaya sau biyu.

Yadda ake gano shi

Matakin farko shi ne a gano abin da ke sa manhajar faɗuwa, ta yadda za a iya maimaita shi. Daga nan manhajar gdb za ta nuna layin da aka faɗi da hanyar da aka bi zuwa can.

Sai dai inda aka faɗi daban, inda aka yi tuntuɓe daban. Shi ya sa ake komawa ga Valgrind ko AddressSanitizer na Google. Na biyun yakan nuna wurare uku: inda aka taɓa ma'adanar, inda aka sake ta, da inda aka fara karɓar ta.

Rigakafi kuma ya fi magani. Umarnin at() yana duba iyaka kafin ya ɗauko abu daga vector, yayin da unique_ptr ke tabbatar da cewa kowane abu mai shi ɗaya ne.

Me ya sa ya shafe ka?

Ta irin waɗannan ɓarakoki masu kutse ke shiga wayoyi da kwamfutoci. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na matsalolin tsaron da yake gyarawa duk shekara daga ma'adana suke, kuma masu kula da Chrome sun fitar da irin wannan adadi a 2020.

Tun 2021 Google ya fara shigar da harshen Rust, wanda ke toshe yawancin waɗannan kurakurai tun wajen rubutu, cikin Android. Amma tsoffin manhajojin C++ za su daɗe ana amfani da su, don haka idan wayarka ta nemi a sabunta tsaronta, kada ka yi jinkiri.