Wa Zai Shiga Cikin Gida Ya Duba Akuyar Uwargida?

Yau ina so mu tattauna a kan wani fannin karatu da ba kasafai yake zuwa mana a rai ba idan za a zaɓa wa 'ya mace abin da za ta karanta, wato fannin lafiyar dabbobi. Da yarinya ta gama sakandare, abin da muka fi sani shi ne aikin jinya, ungozoma, koyarwa, ko likitanci in Allah Ya ba ta ƙwaƙwalwa. Idan kuwa aka ambaci dabbobi sai a kwashe da dariya, a ce wance za ta zama likitar awaki. To 'yar uwa, ki ba ni aron hankalinki kaɗan kafin ki yi dariyar.

Dukiyar mace tana ɗaure a turke

Ki leƙa gidajenmu na karkara da na tsofaffin unguwannin birni. Shanu na maza ne, amma akuya da tunkiya da kaji da zabi mafi yawansu na mata ne. Su ne bankin uwargida. Da su take haɗa kayan ɗakin 'yarta, da su take biyan kuɗin makarantar maraya, kuma ragon da ta turke tun watan Rajab shi take jira ta sayar da babbar sallah.

Amma da hunturu ya kama, sai annobar kaji ta shigo, wadda masana ke kira Niyukasil. Kaza ta yi sukuku, ta yi koren zawo, wuyanta ya karkace, cikin mako guda akurki ya zama wayam. Awaki da tumaki su ma suna da tasu annobar mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, wadda ake kira PPR. Me uwargida take yi? Ta jiƙa barkono, ko ta aiki yaro kemis ya sayo kafso ja-da-yalo ta barbaɗa a ruwa. Alhali cututtukan nan biyu ƙwayar bairos ce ke kawo su, kafson ba ya kashe ta. Abin da ke tare su rigakafi ne, kuma ana yin sa a nan ƙasar, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Akwai ma na kaji da ake ɗigawa a ido, wanda aka yi shi don ya jure zafi irin na ƙauyukanmu.

To me ya hana shi isowa gare ta? Babban dalili shi ne ma'aikatan kusan duk maza ne, gidajenmu kuwa ba a shiga. Sai dai a yi sallama da maigida a zaure, shi kuma ba shi ke ba dabbar dusa ba, bai san ranar da ta daina tuƙa ba. Yadda muka gane cewa mace ta fi sakin jiki da ungozoma mace, haka ya kamata mu gane cewa dukiyar da ke ɗaure a tsakar gida tana buƙatar ma'aikaciya mace da za ta shiga har wurin turke.

Lafiyar dabba, lafiyar iyali

Kada ki ɗauka maganar ta tsaya a kan asarar kuɗi. Cututtuka da yawa daga dabba suke tsallakowa jikin mutum. Tarin fuka na shanu da baƙƙale, cutar da ke sa dabba ɓari, ana ɗaukarsu ta hanyar shan madarar da ba a tafasa ba. Cutar haukan kare da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi, shi ya sa ake son a wanke wurin cizo da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 sannan a garzaya asibiti. Murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, ta kuma jawo aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa. A shekarar 2023 an tabbatar da cutar saifa a wata gona a Suleja. Wa ke taɓa ɗanyen nama? Wa ke fige kaza? Wa ke dama fura da nono? Mu ne.

Kuma aikin masu wannan ilmi yana da tasiri. Iyayenmu sun san bushiya, annobar da ta sha share garken shanu a ƙasar nan. Da allurar rigakafi aka yi ta yaƙar ta, har aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011.

Me addini ya ce?

Wasu iyaye suna ƙyamar fannin don suna ganin ƙazanta ce, ko kuma za a sa yarinya taɓa kare. Mu tuna cewa a cikin Alƙur'ani mai girma akwai surorin da aka sa wa sunan dabbobi, kamar Baƙara da An'am da Nahli da Namli da Fil. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba. Ya kuma tabbata cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa, an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, duk dabba mai rai jikinta mai tsarki ne.

Ko a babin layya da muke koya wa ɗalibai a Islamiyya, an hana yanka dabba mai bayyanannen ciwo, da mai ido ɗaya, da gurguwa, da ramammiya. Ashe sanin lafiyar dabba yana shiga har cikin ibada. Ilmin da al'umma ba ta iya wadatuwa ga barinsa, malamai sun sanya shi cikin farillan kifaya.

Ina ake karatun?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce kwaleji, inda ake yin ƙaramar difloma ta shekara 2 a fannin lafiya da kiwon dabbobi, a yi shekara 1 ana sanin makamar aiki, sannan a koma babbar difloma ta shekara 2, a tafi hidimar ƙasa. Daga cikin makarantun akwai Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi da ke Vom, da Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi da ke kan titin Mando a Kaduna, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta a Jihar Kano. Ana koyon ƙirar jikin dabba, gane cututtuka, yin allura, haɗa abinci, duba nama, da aikin ɗakin gwaji.

Ta biyu ita ce jami'a, inda ake shekara 6 a fito cikakkiyar likitar dabbobi. Ana yin wannan a Zariya da Sakkwato da Maiduguri da wasu jami'o'in. Ki lura da bambancin, mai difloma ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce, manyan ayyuka irin su tiyata na likita ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya.

A jami'a sai da jarrabawar JAMB da kuma kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya irin su Bayoloji da Kemistiri, a kwaleji ma ana neman kiredit a darussan kimiyya. Wannan yana nufin tun daga aji huɗu na sakandare ake yanke hukunci. Uwar da ta bari aka tura 'yarta ajin da ba na kimiyya ba don kawai ƙawayenta suna can, ta rufe mata wannan ƙofa ba ta sani ba.

Bayan karatu fa?

Akwai aikin gwamnati a asibitin dabbobi na jiha ko ƙaramar hukuma, da duba nama a mayanka, da aikin malamar gona mai wayar da kan mata. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Akwai gonakin kaji, kamfanonin abincin dabbobi, cibiyoyin tattara madara, da wuraren bincike irin su cibiyar Shika kusa da Zariya, wadda ta samar da kajin ƙwai da ake kira ShikaBrown.

Amma kada in rufe ki, aikin gwamnati ba kowa ke samu ba. Alherin wannan fanni shi ne mai shi ba ta zama tana jiran takardar ɗaukar aiki. Za ta iya kiwon kajinta a gidan aurenta bisa ilmi, ta riƙa zagaya gidajen unguwa tana yin rigakafi da ba da maganin tsutsar ciki ana biyanta, ta kuma koya wa mata cewa dabbar da aka yi wa allurar magani ba a shan nononta ko cin namanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika.

Aikin yana da wahalarsa. Akwai wari, akwai rana, akwai harbin saniya, wani lokaci kuma akwai tafiya ruga. Mai ƙyanƙyami ba za ta ji daɗinsa ba. Sutura kuwa ba matsala ba ce, domin doguwar rigar aiki da safar hannu da takalmin roba ba su hana hijabi. Ga iyaye, shawarata ita ce ku je da ƙafarku ku ga makarantar, ku duba ɗakin kwanan mata, ku tambaya ko hukumar NBTE ta amince da kwas ɗin kafin ku biya ko kwabo.

'Yar uwa, idan kina da yarinyar da ita ce kullum mai ba awaki ruwa, ita ce mai fara lura da kazar da ba ta da lafiya, to kada ki kashe mata gwiwa da zolaya. Ki zauna da mahaifinta ku yi shawara, ku yi istihara. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilmi mai amfani da sana'a ta halal, Ya sanya albarka a cikin abin da muke kiwo. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.