Yadda Mai Sana'a Zai Ci Gaba A Aikinsa

A kusan kowane gari akwai tela ko kafinta ko bakanike wanda ya ƙware. Ya yi shekara goma a ƙarƙashin maigidansa, hannunsa ya faɗa. Amma ranar da za a ɗauki ma'aikata a ƙaramar hukuma, ko za a ba da aikin gyaran kujerun makaranta, sai a ce ya kawo takardar shaida. Ba shi da ita. Sai a ba wani wanda bai kai shi iya aiki ba.

Irin wannan mutum ba rago ba ne. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa hanya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Mene Ne Aikin Ja-gora?

Mai koyar da sana'a daban, ja-gora daban. Mai koyarwa yana nuna yadda ake riƙe zarto ko almakashi. Shi kuwa ja-gora yana zama da wanda ya riga ya iya aiki, su tsara yadda zai hau mataki na gaba. Yakan yi masa tambayoyi huɗu:

1. Me ka iya yanzu?
2. Ina kake so ka kai nan da shekara biyu?
3. Me ya tare maka hanya: rashin takarda, ko jari, ko karatu?
4. Me za ka fara yi a wannan wata?

Sai a rubuta amsoshin a littafi. Bayan wata uku su sake zama, su duba abin da aka yi da abin da ya rage. Ja-gora ba ya ba da aiki. Shawara yake bayarwa, ya kuma riƙa bin sawu.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Tun da can Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa suna yi wa na ƙasa da su haka. Malamin gona ma haka yake yi wa manomi. Abin da ya ƙaru a yau shi ne hukumomi da takardun shaida.

Ƙofofin Da Za A Ƙwanƙwasa

Ta farko ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ana gwada mutum a kan aikin da ya ce ya iya. Matakinta uku ne. Ana farawa daga mataki na 3, a hau na 2, sannan na 1, wanda shi ne mafi girma. Magina, masu walda, masu aikin lantarki, teloli da kafintoci duk suna iya shiga.

Ta biyu ita ce Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE. An kafa ta a 1986, lokacin da rashin aiki ya yi tsanani. Tana da ofis a kowace jiha. Takan haɗa matasa da ƙwararrun masu sana'a don su koya a hannunsu. Takan kuma koyar da yadda ake tafiyar da ƙaramar sana'a.

Ta uku ita ce ITF, asusun horar da ma'aikata. An kafa shi a 1971, babban ofishinsa yana Jos. Aikinsa shi ne ƙara wa ma'aikata da masu sana'a ƙwarewa.

Ta huɗu ita ce NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, wadda aka kafa a 1992. Tana shirya jarrabawa ga 'yan makarantun fasaha, tana kuma shirya wata ga waɗanda ba sa makaranta. Wannan tana buƙatar karatu da rubutu sosai, amma takardarta tana buɗe hanyar ƙarin ilimi.

Malaman firamare ma suna da tasu ƙofar. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, tana Kaduna tun 1976. Malami yana iya karatun NCE a wurinta ba tare da ya bar ajinsa ba.

Misalin Kafinta

A ɗauki misalin kafintan da aka hana aikin kujeru. Ja-gora zai ce masa ya fara da abu uku. Ya dage da zuwa ajin yaƙi da jahilci har ya iya cika fom da hannunsa. Ya sayi littafi ya riƙa rubuta kuɗin katako da ƙusa da ladan aiki, domin ya san ribarsa. Ya shiga adashi don ya tara kuɗin jarrabawa da na mota. In ya ci mataki na 3, sai ya sa ido a kan na 2. Sannu ba ta hana zuwa.

Mata ba a bar su a baya ba. Mai ɗinki ko saƙa ko yin man gyaɗa tana iya neman shawara a cibiyar mata ta ƙaramar hukumarta, ko wurin malamar ajinsu.

A Yi Hattara Da Macuta

Yanzu akwai masu tallar horo a waya da Facebook da WhatsApp. Wasu na gaskiya ne, wasu kuwa kuɗin mutane suke nema. Akwai mai sayar da akuyarsa ya biya, ya tashi ba horo ba kuɗi. Ga alamun macuci:

Yana alkawarin aikin gwamnati tabbas.
Yana cewa za a ba da takardar shaida ba tare da jarrabawa ba.
Ba shi da ofis, ba ya ba da rasit.
Yana matsa wa mutum ya biya yau-yau.
Yana neman lambar sirri ta katin banki.

Takardar jabu ba ta da amfani. Ranar da aka gano ta, mai ita zai rasa aiki, kuma yana iya fuskantar shari'a. Kafin mutum ya biya ko sisi, ya je ofishin hukumar da ƙafarsa ya tambaya. Ya kuma nemi wanda ya taɓa yin horon ya ji daga bakinsa.

Daga Ina Za A Fara?

Ba dole sai an biya kuɗi ake samun ja-gora ba. Malamin aji, shugaban ƙungiyar masu sana'a, ko dattijon da ya yi ritaya daga aiki, kowannensu yana iya zama ja-gora. Mutum ya zaɓi mai gaskiya wanda ya san hanyar. Ya je masa da littafi da biro, da amsar tambayoyin nan huɗu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.